An kai ɗana gaban ɗan sandan makaranta kafin a kira ni

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun shekaranjiya abin ke cina a rai. Babban ɗana shekararsa 14, yana makarantar gwamnati a nan Amurka. Kun san kwamfutar nan da makaranta ke ba kowane yaro ya tafi da ita gida. Daren Litinin suna hira da abokinsa a cikinta bayan an ci su a ƙwallo, sai ya rubuta masa, irin wasan yaran nan, wai gobe sai ya kashe shi a fili. Abokin ya mayar masa da dariya, kowa ya kwanta.

Washegari ana tsakiyar darasin lissafi aka leƙo aka kira sunansa. Aka kai shi wani ɗan ofis, ga mataimakiyar shugaban makaranta a zaune, ga ɗan sandan makarantar a tsaye da bindiga a ƙugu. Aka zazzage jakarsa a kan tebur, har da dattin safar ƙwallonsa. Aka tura masa takarda an buga hirar tasu, an ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya. Sai da suka gama tambayoyinsu, kusan minti 40, sannan wayata ta yi ƙara ina wurin aiki.

Ba su same shi da komai ba, sun ce ya koma aji. Amma da ya dawo gida bai ce uffan ba, ya ɗora kwamfutar can saman firij kamar za ta cije shi. Mako mai zuwa hukumar makarantun gundumarmu za ta zauna kan sabunta kwangilar 'yan sandan da ta manhajar da ta kama hirar, kuma iyaye na da minti uku-uku na magana. Ina son zuwa, amma ba na so in je da fushi kaɗai. Me zan ce musu? Ko ni ce ke zuzuta abin?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Hajiya Allah ya huci zuciyarki, amma ni a nan bayan makaranta nake. Ƙasar da yaro ke shiga aji da bindiga fa muke ciki. Da wani yaron ne ya rubuta wa naki haka, aka gani aka yi shiru, wani abu ya biyo baya, wallahi ke za ki riga kowa zuwa kotu. Ki ja masa kunne kawai, a nan ba a wasa da wannan kalma.

Ƙanwar Kowa:
Kawu ai ba ta ce kar a tambaye shi ba. Cewa ta yi me ya hana a kira ta tun farko. Sannan me ya kawo mai bindiga cikin maganar ƙwallo?

Kawu Direba:
To wa kike so a kira, mai shara?

Malama ta Aji Tara:
Kawu, malaminsa za a kira, ko mai ba ɗalibai shawara. A da haka ake yi. Shekara 16 ke nan ina koyarwa a makarantar gwamnati, kuma a kan idona abin ya juye. Da farko yaro ya yi magana marar daɗi, ni zan tsayar da shi bayan darasi mu yi ta ta ƙare. Yanzu saƙon ba ya ma biyowa ta kaina, daga kwamfuta sai ofis, daga ofis sai jami'i. Ni da na san yaron, na san wa yake wasa da shi, na san ranar da ya shigo bai yi barci ba, ni ce ta ƙarshen ji.

Ɗan sanda a makaranta ba sabon abu ba ne a Amurka, tun shekarun 1950 aka fara a garin Flint na jihar Michigan. Amma abin da ya cika makarantu da su shi ne harin bindiga na makarantar sakandaren Columbine, 20 ga Afrilu 1999, inda aka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Bayansa ma'aikatar shari'a ta zuba fiye da dala miliyan 700 don a ɗauki dubban jami'ai a tura makarantu. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ita kanta Columbine tana da jami'i mai bindiga ranar da abin ya faru.

Kuma ku gane, harbi a makaranta, duk da tashin hankalinsa, yawancin jami'an nan za su yi ritaya ba su taɓa ganinsa ba. To mutum yana nan daga safe zuwa yamma, kwana 180 a shekara, me zai yi? Abin da ke gabansa zai yi: faɗan yara, wanda ya ƙi ajiye waya, wanda ya ɗaga wa malami murya. Abubuwan da a da tarbiyya ce, yanzu sun zama laifin da ke da lamba a littafin doka.

Ƙanwar Kowa:
Bara na gama sakandare. Namu jami'in mutumin kirki ne, yana buga ƙwallon kwando da yara. Amma duk mun san abu ɗaya: duk abin da ka gaya masa ya bar hannunka.

Ɗalibin Lauya:
Anti Maman Biyu, ni ɗalibi ne ba lauya ba tukuna, kuma dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ga abin da ya shafi kowa. A shari'ar T.L.O. ta 1985, Kotun Ƙoli ta ce malami ko shugaban makaranta ba ya buƙatar takardar alƙali kafin ya binciki jakar ɗalibi, zato mai dalili ya ishe shi. Ɗan sanda a kan titi kuwa sai da hujja mai ƙarfi fiye da haka. Nan ne gizo ke saƙa. In mataimakiyar shugaba ce ta buɗe jakar da hannunta, jami'i yana tsaye yana kallo, an yi amfani da sassaucin da aka yi wa makaranta, amma duk abin da ya faɗo kan tebur idon hukuma ya gani.

Kotun ta sa iyaka sau biyu da na sani. A 2009, shari'ar Safford daga Arizona, ta ce tuɓe yarinya 'yar shekara 13 don neman ƙwayar ciwon kai ya saɓa wa tsarin mulki. A 2011, shari'ar J.D.B. daga North Carolina, yaro ne ɗan 13 aka fitar daga aji aka yi masa tambayoyi a rufaffen ɗaki, kotu ta ce dole a duba shekarun yaro wajen tantance ko a tsare yake, domin babba ya san yana iya tashi ya fita, yaro bai sani ba.

Abu na farko da za ki nema a rubuce: shin an buɗe rahoton 'yan sanda, ko maganar ta tsaya a fayil ɗin makaranta? Dokar FERPA ta 1974 ta ba ki ikon ganin fayil ɗinsa na makaranta, ki kuma nemi a gyara. Amma takardun da sashen 'yan sandan makaranta ya rubuta don aikinsa ba sa ƙarƙashin wannan kariyar. Ki kuma gaya wa yaron cewa wasu jihohi ba sa ɗaukar irin wannan da wasa, Tennessee ta mayar da barazanar kai hari a makaranta babban laifi a 2024.

Maman Biyu:
Innalillahi. Ni ko tunanin akwai fayil biyu ban yi ba. Na gode ƙanina, gobe zan aika musu imel.

Ɗan Kwamfuta:
Bari in faɗi yadda manhajojin nan ke aiki, don aikina ya shafi irinsu. Akwai Gaggle, GoGuardian, Securly, Bark da sauransu. Ana ɗora su a kan kwamfutar makaranta ko a kan asusun da makaranta ta buɗe wa yaro. Suna karanta imel, takardun da ya rubuta, abin da ya nema a intanet, hira. In suka ci karo da kalma ko hoton da ke cikin jerinsu, sai su tura wa wani ma'aikaci ya leƙa, shi kuma ya tura wa makaranta. Wannan ma'aikacin bai san yaron ba, bai san an ci su a ƙwallo ba, saƙonni ne jibge a gabansa. In ya bari ya wuce aka samu matsala shi ne a ciki, in ya tura kuma ba abin da zai same shi. Kowa a layin nan turawa ta fi masa sauƙi.

Sannan manhajar ba ta tashi aiki ƙarfe uku. Da tsakar dare, ranar hutu, tana nan. Wa zai ɗauki saƙon ƙarfe biyun dare? A gundumomi da yawa 'yan sanda ne. Cibiyar CDT da ke Washington, mai kare haƙƙin jama'a a harkar fasaha, ta tambayi malamai a 2022, kashi 44 cikin ɗari suka ce sun san ɗalibin da 'yan sanda suka tuntuɓa saboda abin da manhaja ta kama.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne wa ake gani. Yaron da iyayensa suka saya masa tasa kwamfutar, hirarsa tana can ba mai leƙawa. Wanda ta makaranta ce kaɗai gare shi, komai nasa a buɗe yake. Ka ga ba mai laifi ake sa wa ido ba, marar hali ake sa wa.

Kawu Direba:
Amma ka faɗi gaskiya duka mana. Ba a taɓa ceton yaro da ita ba?

Ɗan Kwamfuta:
An taɓa, Kawu, ba zan musa ba. Yaro ya rubuta wasiƙar bankwana cikin dare, an buga wa iyayensa waya, an same shi da rai. Wannan yana faruwa. Abin da nake cewa, lissafin yawan waɗanda aka ceta yawanci daga bakin masu sayar da manhajar yake fitowa, su kuma ba sa ƙirga irin ɗan Hajiya.

Ga kuma inda bayanan ke kwana. A Disambar 2024 aka kutsa cikin rumbun kamfanin PowerSchool mai ajiye wa makarantu bayanan ɗalibai, bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai suka fita. Tun 2010 ma an yi ta Lower Merion a Pennsylvania, inda kwamfutocin makaranta suka riƙa ɗaukar hotuna a asirce, fiye da dubu 50, wasu a cikin ɗakin kwanan yara. Asirin ya tonu ne da aka tuhumi wani yaro da ƙwaya saboda hoton da aka ɗauke shi a gida, shi kuma ya ce alewa ce. Gundumar ta biya dala 610,000 aka rufe maganar.

Anti ta Landan:
Sannunku. Mu nan Ingila jami'anmu na makaranta ba sa yawo da bindiga, amma kar ku ɗauka mun tsira. A Disambar 2020, a wata makaranta a unguwar Hackney ta Landan, malamai suka ce sun ji warin wiwi a jikin wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 15. Suka binciki jakarta da rigarta ba su ga komai ba, suka kira 'yan sanda. Aka fitar da ita daga jarrabawa, aka tuɓe ta tsirara, tana cikin al'ada, ba wani babba nata a ɗakin, ba a kira uwarta ba. Ba a samu komai ba. Child Q ake ce mata don a sakaya sunanta. Rahoton ya fito a Maris 2022, ya ce da wuya a ce launin fatarta bai taka rawa ba. Daga nan Kwamishinar Yara, Rachel de Souza, ta tono alƙaluma: yara 2,847 aka tuɓe a Ingila da Wales daga 2018 zuwa tsakiyar 2022.

Ni abin da ya tsaya min a wuya, malaman suna tsaye a bakin ƙofa. Su suka kira, sannan suka ja baya. Da zarar kaki ya shigo, kowa sai ya ga ba hurumin sa ba ne kuma. Hajiya, in za ki yi magana ɗaya a taron nan, ki yi ta kiran iyaye.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, don haka bari in ce wani abu a madadin wanda ba ya nan.

Ɗan sanda an horar da shi ne ya ga laifi, ya tattara hujja, ya rubuta. In ka nuna masa takarda da kalmar kisa, ba shi da ikon ya ce ai wasa ne ya jefar. Gobe in wani abu ya faru, littafinsa za a buɗe. Malami yana iya yafewa, shi ba ya iyawa, aikin ne haka. Don haka wanda ya kira shi cikin ƙaramar magana shi ya yi kuskure tun farko. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma 'ya'yana, kar ku ce ba su da rana. A 4 ga Satumba 2024, a makarantar Apalachee ta jihar Georgia, yaro ɗan 14 ya kashe ɗalibai biyu da malamai biyu. Jami'an makarantar ne suka tare shi cikin 'yan mintuna, ya ajiye bindiga ya miƙa wuya. Da sai an jira mota daga caji ofis, Allah kaɗai ya san adadin.

Kawu Direba:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Ƙanwar Kowa:
Baba da girmanka, harin makarantar firamaren Uvalde a Texas fa? 24 ga Mayu 2022. Gundumar tana da rundunarta ta kanta. Jami'ai 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara suna kiran lambar gaggawa daga ciki. Yara 19 da malamai biyu. A harin makarantar Parkland ta Florida kuma, 2018, an kashe mutum 17, jami'in makarantar yana waje bai shiga ba, kuma kotu ta wanke shi a 2023.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, ba abin da zan ce a kan Uvalde sai kunya. Tun bayan Columbine aka sauya koyarwa, aka ce in ana harbi ba jira, wanda ya fara isowa ya shiga. Sun sani, ba su yi ba. Sa kaki ba ya sa wa mutum zuciya.

Abban Yara Uku:
Ni fa duk wayoyin yarana na sa musu manhaja ina ganin komai, har inda suke. Wannan ma laifi ne ke nan?

Anti ta Landan:
Kai in ka gani faɗa za ka yi masa. Ba za ka kai shi caji ofis ba.

Abban Yara Uku:
Wani lokacin ji nake kamar in kai babban 😂

Mai Unguwa:
Jama'a a dawo kan maganar makaranta. Abban Yara Uku, ka buɗe naka zaren, akwai masu jiranka.

Malama ta Aji Tara:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma binciken da aka yi bai ƙaryata shi ba, bai kuma ba Kawu duka ba. Masu bincike a jami'ar Albany sun bi alƙaluman makarantun ƙasar, suka ga inda aka sa jami'i faɗace-faɗace kan ragu, amma ba su ga shaidar yana hana harbi ba, sannan dakatarwa da kora da kame suna ƙaruwa. Kuma ba kowa abin ke faɗa wa daidai ba. A alƙaluman ma'aikatar ilimi na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, baƙaƙen fata kashi 15 ne na ɗalibai, amma kashi 31 na waɗanda aka miƙa wa 'yan sanda ko aka kama. Masu naƙasa ma haka abin yake a kansu.

Kun tuna bidiyon South Carolina na 2015, jami'i ya kifar da yarinya da kujerarta ya ja ta a ƙasa, asalin maganar waya ce. Ko ta Orlando a 2019, 'yar shekara shida aka ɗaure wa hannu aka sa a mota tana kuka tana roƙo. Sai bayan wannan Florida ta yi dokar hana kama yaron da bai kai shekara bakwai ba, in ba babban laifi ba. Ku duba fa, sai da aka rubuta wannan a doka. A Texas kuma, 2015, yaro Musulmi ɗan 14 ya kawo agogon da ya harhaɗa don ya burge malaminsa, ya ƙare da ankwa. Mu da 'ya'yanmu ke ɗauke da launin da sunan gaba ɗaya, ba za mu ce ba ruwanmu ba.

A makarantarmu jami'i yana nan kullum. Mai ba da shawara kuwa ɗalibanta sun ninka 250 ɗin da ƙungiyarsu ta ce ya dace, rabin lokacinta ma a tsara jarrabawa yake tafiya. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta ƙirga a 2019 cewa ɗalibai miliyan 14 suna makarantun da ke da ɗan sanda amma sun rasa aƙalla ɗaya daga cikin mai ba da shawara, ko nas, ko masanin halayya, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Maman Biyu:
Jama'a wani abu ya faru daren jiya, shi ya hana ni leƙowa. Muna ninke wanki ni da shi, ban tambaye shi komai ba, sai ya ce, Mama in mutum ya san wani abu a kan wani, dole ne ya faɗa? Na ajiye rigar da ke hannuna. Da ƙyar ya fito da ita: wani ɗan ajinsu yana yanka hannunsa da reza, yana ɓoye ta a bayan murfin waya, ya nuna masa tun makonni biyu da suka wuce. Ya ce da ya yi niyyar gaya wa malamar Turanci. Amma bayan ranar Talata ya fasa, don in ya faɗa za a ce makami ne, a zazzage jakar yaron a gaban ɗan sanda, kowa ya san shi ya kai ƙara.

Na rasa abin cewa. Da safe na kira uwar yaron da kaina, mun taɓa haɗuwa a filin ƙwallo. Ta yi shiru a waya har na ɗauka ta katse, sai na ji kukanta. Ta kai shi asibiti yau.

Manhajar da ta kama wasan ɗana cikin dare ɗaya, makonni biyu ba ta ga wannan ba, don yaron bai rubuta ba. Ɗana ne ya gani, kuma saura kaɗan ya haɗiye.

Anti ta Landan:
Allahu akbar. Allah ya ba yaron lafiya, ya yi wa naki albarka. Ki rungume min shi.

Malama ta Aji Tara:
Hajiya wannan shi ne minti ukunki, ba sai kin ƙara komai ba, sai dai ki sakaya yaron sosai. In kina son hujja a bayansa: bayan Columbine, hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa da ma'aikatar ilimi sun bi diddigin hare-hare 37 a makarantu, rahoton ya fito a 2002. A kashi 81 cikin ɗari akwai wanda ya san da shirin kafin ranar, kuma galibi yara ne 'yan uwansa. Shi ya sa Colorado ta buɗe layin Safe2Tell a 2004, yaro ya faɗi abin da ya sani ba tare da an san ko wane ne ba. Labarin yana wurin yara. Duk abin da zai sa su rufe baki, ko da sunan tsaro aka kawo shi, ya rage mana ido ne.

Kawu Direba:
Hajiya jikina ya yi sanyi, Allah ya saka miki. Amma ku bar ni da ra'ayina a kan jami'in. Minneapolis ta sallame su a 2020 bayan kisan George Floyd, Denver ma haka. Me ya faru a Denver? A Maris 2023 ɗalibi ya harbi ma'aikata biyu a makarantar East High suna cikin bincikar sa, a shekarar aka dawo da 'yan sandan. Ni dare nake tuƙi, da safe ina barci yarana suna makaranta. In na san akwai mai bindiga a ƙofa na fi samun barci. Ku kira shi abin da kuke so.

Ɗalibin Lauya:
Kawu ba wanda zai raina wannan. Kuma a wasu jihohin ma an wuce wurin: Florida tun 2018, Texas tun 2023, doka ce a samu mai tsaro da makami a kowace makarantar gwamnati. Toronto ta Kanada kuwa ta soke nata shirin tun 2017. Inda ba za a iya cire shi ba, faɗan ya koma kan takardar yarjejeniya tsakanin gunduma da 'yan sanda. A nan ake rubuta abin da ya shafe shi da wanda bai shafe shi ba, da ko zai ga makin yara da tarihinsu. Kar ku ɗauka wasa ne: a gundumar Pasco ta Florida, jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo a 2020 cewa ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gundumar, yana amfani da maki da fashin zuwa makaranta, har da tarihin cin zarafin da aka yi wa yaro a gida, yana haɗa jerin waɗanda wai za su iya zama masu laifi. Iyayen ba su sani ba.

Ɗan Kwamfuta:
Anti ki duba ajandar taron da kyau, sau da yawa ana cusa kyamarar gane fuska ko na'urar gano makami a ƙofa a cikin kwangila ɗaya. Jihar New York ta hana gane fuska a makarantu a Satumbar 2023. Hukumar NIST, mai gwajin fasaha ta gwamnatin Amurka, ta gwada irin manhajojin a 2019 ta ga da yawansu sun fi kuskure a fuskar baƙaƙe da 'yan Asiya, wasu ninki goma har zuwa ɗari. A Suwidin, 2019, makaranta a Skellefteå ta gwada ɗaukar rajista da fuska a kan ɗalibai 22, aka ci tarar kurona 200,000. Sun ce ai iyaye sun sa hannu, hukuma ta ce sa hannun da aka yi wa wanda ke da iko a kanka ba yarda ba ce. Na'urar ƙofa kuma, hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta tuhumi kamfanin Evolv a 2024 da zuzuta abin da na'urarsa ke iya ganowa, bayan an shiga da wuƙa wata makaranta a Utica an soki ɗalibi.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya, ki je da takarda a hannu, ki yi magana a hankali. Kar ki zagi jami'in, wataƙila yana zaune a bayan ɗakin, kuma za ki yi mamaki, shi ma ya gaji da kiran da ake masa kan abin da ba nasa ba.

Maman Biyu:
Na dawo daga taron. Mu tara muka yi magana, biyar suna so a ƙara jami'ai, wani uba har muryarsa na rawa, 'yarsa ta taɓa kwana ƙarƙashin tebur awa biyu a wata sanarwar ƙarya. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Ni na nemi abu uku: a kira iyaye kafin jami'i ya yi wa yaro tambaya in ba ana cikin haɗari ba, saƙon manhaja ya fara zuwa wurin wanda ya san yaron, kuma a riƙa fitar da adadin yaran da aka miƙa wa 'yan sanda duk shekara. Agogon ya yi ƙara ina tsakiyar na ukun, na ƙarasa a tsaye.

Sun sabunta kwangilar 'yan sandan, biyar da biyu. Ta manhajar sun ɗage zuwa wata mai zuwa, wata mamba ta ce tana so ta ga saƙonni nawa aka tura bara da nawa ne suka zama gaskiya, ba wanda ke da amsar a ɗakin. Maganar kiran iyaye an miƙa wa kwamiti. Imel ɗina kuma sun amsa: ba rahoton 'yan sanda, amma akwai layi biyu a fayil ɗin makaranta, na cike takardar neman a cire.

Baba, yana bayan ɗakin kamar yadda ka ce. Da za mu fita ya riƙe min ƙofa, ya tambaye ni ya yaron. Na ce yana nan lafiya.

Kawu Direba:
Wata mai zuwa ranar nawa ne? In ba na kan hanya zan raka ki, amma kujerar masu son jami'i zan zauna.

Maman Biyu:
Ranar 14, ƙarfe shida. Kwamfutar dai har yanzu tana saman firij, aikin gida kawai yake sauko da ita ya yi ya mayar.